Harshen Aro

A unguwar Fadikpe ta Minna, in aka ce bikin gidan wane ya yi armashi, tambayar da ke biyo baya ɗaya ce: "Maman Philip ce ta yi girkin?" In aka ce ita ce, shi ke nan, ba sai an ƙara bayani ba. Sunanta Magdalene, amma in ban da fasto ranar Lahadi ba mai kiranta da shi. 'Yar manoman doya ce daga wani ƙauye can bayan Gidan Kwano. Ta shigo Minna da tukunya ɗaya, tana sayar wa direbobi shinkafa da miya a bakin titin Bida. Yanzu tsakar gidanta doguwar rumfar kwano ce, da manyan tukwanen da yaro zai yi wanka a ciki, da mata ma'aikata masu kiranta Mama tun daga asuba har faɗuwar rana. Musulmi da Kirista duk gidanta suke kai aikin biki, don kowa ya san a wurin mahautan Kasuwar Kure take sayen nama, kuma kowa ya san harshenta. Har cewa ake yi in ta ɗiga miya a tafin hannu ta lasa, za ta gaya maka ko tattasan na fadama ne ko na tudu.

Abin da ba a sani ba shi ne, harshen nan ya daɗe da mutuwa.

Zazzaɓin nan da ya zaga gari shekarun baya ne ya kwantar da ita. Ta tashi, ƙarfi ya dawo, ƙiba ta dawo, faɗa ma ya dawo har da ƙari, amma ɗanɗano da jin ƙamshi suka ƙi biyo su. Likita ya ce ta yi haƙuri, za su dawo da kansu. Ta yi haƙurin har ta gaji da yi. Zuma a bakinta ruwa ne mai kauri, barkono kuwa zafi ne kawai ba daɗi. Abin da ya fi cin ranta miyar busasshiyar kuɓewa ce, da daddawa da bandar kifi, irin wadda uwarta ke yi musu da sakwara ranar da aka haƙo sabuwar doya. In ba aiki takan dafa ta ita kaɗai, ta zauna ta ci a hankali tana jira ko wani abu zai motsa a bakinta. Ba abin da ke motsawa. Sai ta wanke kwanon ta kife.

A gaban mutane kuwa ko sau ɗaya ba ta fasa al'adarta ba. Za ta tsoma ludayi, ta ɗiga a tafi, ta lasa, ta lumshe ido, ta gyaɗa kai kamar mai sauraron wa'azi. Mutum ɗaya ce ta gano wasan, wato Sakinatu, babbar ma'aikaciyarta. Ba ta taɓa cewa "Mama, na gane" ba, ita ma Magdalene ba ta taɓa cewa "taimake ni" ba. Kawai dai aka wayi gari duk sanda Mama ta gama lumshe ido, Sakinatu za ta karɓi ludayin da sunan wankewa, ta lashi bakinsa. In ta sosa kunne, gishiri ya yi kaɗan. In ta gyara ɗankwali, yaji ake bukata. In ta wuce abinta ba ta yi komai ba, miya ta yi. Sai Mama ta ɗaga murya ta ce, "Ku kawo gishiri, har yanzu da saura!" mata su yi ta mamakin wannan harshe.

Haka suka yi shekaru, kuma a ganin Magdalene ba wanda aka cuta. Sai ga wasu mutane daga wani otal a Abuja sun zo biki, sun ci, sun zagayo bayan rumfa suna tambayar wa ya haɗa miyar. Ba a san wanda ya nuna musu Sakinatu ba. Ranar da Sakinatu ta zo sallama za ta koma aiki a otal ɗinsu, ta fito da waya ta nuna wa Mama hoton farar rigar da suka ɗinka mata, da sunanta rubuce a ƙirji da shuɗin zare.

"Mama, wallahi ba don ba na jin daɗin gidan nan ba ne," in ji ta. "Ina so ne kawai wata rana a ci abinci a ce Sakinatu."

Maganar ta soki Magdalene, amma ba ta bari an gani ba. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta juya ta shiga hura wutar da ba ta mutu ba. Tun daga ranar kewar yarinyar ta zauna mata a ƙirji. Sau da yawa takan miƙa ludayi gefen dama ba tare da ta waiwaya ba, sai ta tuna ba mai karɓa.

Ba a daɗe ba ƙananan maganganu suka fara tashi. Wata uwar amarya ta dawo da kuloli da rabin abinci a ciki, tana tambaya cikin ladabi ko Mama ta canja mai sayar mata da mai. Wani ya ce tsufa ne. Ana cikin haka Hajiyar gidan Alhaji Sanda, dillalin hatsi a Kasuwar Kure, ta zo da kanta kan bikin 'yarsu Nana Khadija. Ta sha ruwa, ta yi tambayar gida, sannan ta ce, "Ana ta kawo mana maganganu, Maman Philip, amma na ce wa Alhaji ni ba na canja tukunya." Magdalene ta gane saƙon sarai. Rabin Minna za su ci abincin bikin nan, in kuwa ya ɓaci, sunan da ta gina tun daga bakin titi ya tafi ke nan.

Ɗanta Philip shi ke ɗaukar ma'aikata a wani kamfani a gari, don haka shi ta fara gaya wa tana neman madadin Sakinatu. Ya zauna a kan turmi da wayarsa a hannu.

"To, Mama, wace iri kike nema?"

"Mai hannu."

"Hannu ai kowa yana da shi. Mai saurin yanka? Mai iya lura da wuta? Mai iya riƙe mata?"

"Kai dai ka ce mai hannu."

Philip ya dube ta ya yi murmushi. "Mama, aikina ke nan kullum. In mai ɗauka bai faɗi abin da yake nema ba, wanda ke da abin ba zai san ya nuna ba. Sai ki ga an ɗauki mai baki an bar mai iyawa."

Ta ce ya rufe mata baki da turancinsa, ko da yake da Hausa ya yi maganar. Ta san gaskiya ya faɗa. Amma ta yaya za ta sa a shelanta wa Minna cewa Maman Philip tana neman harshe?

Masu neman aiki suka zo, kowa da wanda ya turo shi. Akwai 'yar ƙanwar matar fasto, akwai wata budurwa mai satifiket ɗin koyon girki a cikin leda, akwai ƙanwar Rebecca. Rebecca ita ce mafi daɗewa cikin ma'aikatan da suka rage, kuma tun tafiyar Sakinatu take tsayawa a gefen dama na Mama ko za a lura. Ta ƙarshe wata mace ce siririya mai sanyin murya, Halimatu, mai ƙaramin teburin kayan miya a Kasuwar Kure. Ba wanda ya turo ta. Ta ji labari ne a bakin masu sayen daddawa, ta rufe teburinta ta zo.

Magdalene ta kwana tana tunanin dabara, ta kuwa samu. Ta dafa miyar taushe da hannunta, ta sa komai da komai, amma ko ƙwayar gishiri ba ta jefa ba. Wannan kam ba ta bukatar harshe ta san lami ce. Ta zuba wa kowace a ɗan kwano, ta tsaya a kansu ta riƙe ƙugu.

"To, yaya kuka ji?"

"Kai, Mama, ba a magana!" in ji 'yar ƙanwar matar fasto.

Mai satifiket ta ce komai ya tsaya daidai inda ya kamata. Ƙanwar Rebecca har da neman ƙari. Magdalene ta juya wajen Halimatu. Matar ta ajiye cokali a hankali, idonta a ƙasa.

"Madalla, Mama. Allah ya ƙara albarka."

Magdalene ta shige ɗaki ta rufe ƙofa ta yi ta dariya har hawaye suka zubo, daga baya ta rasa ko dariyar ce ko wani abu. Wace 'yar mutunci ce za ta shigo gidan babbar mace neman aiki, ta ci miyarta, ta ce ba gishiri? Duk iyayensu sun yi musu tarbiyya, tarbiyyar kuwa ta rufe mata hanya ruf. Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta ce duk su zauna gwaji har a gama bikin gidan Alhaji Sanda. Halimatu, da yake ba ta da kowa a gidan, aka ba ta aikin da ba mai so, wato wanke tumatir da kai niƙa.

Lokacin damina ne, tumatirin kasuwa duk ruwa ne da tsami. Magdalene ta san haka a kanta, amma sanin kai daban ne da sanin baki, ba ta da yadda za ta auna yawan tsamin. Ranar bikin, gari na wayewa an riga an ɗora manyan tukwane uku na jar miya. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗiga, ta lasa, ta lumshe ido, ta gyaɗa kai. Sannan ta fita ƙofar gida karɓar nama daga hannun mahauci.

Tana tsaka da duba cinyar sa ta ji ihun Rebecca.

"Mama! Mama, zo ka gani! Matan nan ya zuba magani!"

Ta shigo da gudu ta tarar Rebecca ta damƙe wuyan hannun Halimatu a bakin tukunya ta biyu. An kwance wani ƙulli a gefen mayafin matar, ga wani gari ruwan toka a yatsunta. Mata suka bar wuƙaƙe da albasa suka yi cincirindo. Kafin a ce wani abu kalmar ta riga ta fito daga bakin wata: barbaɗe. Nan take kowa ta zama mai bincike. Wata ta ce masu girkin unguwar Tunga ne suka turo ta ta kashe wa Mama kasuwa. Wata ta ce a'a, so take ta juya zuciyar Mama a ba ta wurin Sakinatu. 'Yar ƙanwar matar fasto ta fara addu'a da ƙarfi.

"Kanwa ce," in ji Halimatu. Muryarta ba ta tashi ba.

"Kanwa? Wa ya aike ka?" Rebecca ta girgiza hannun. "Miyan da Mama ya ɗanɗana da bakinsa ya ce ya yi? Me ya same shi da za ka gyara?"

Halimatu ba ta dubi Rebecca ba, Magdalene ta duba. Kallo ne gajere, ba roƙo a cikinsa, ba ƙarya. A nan Magdalene ta gane komai. Kanwa kaɗan tana kashe tsamin tumatir, wannan ko yarinya ta sani. Matar nan ta ji tsamin tun tana wanke tumatir, ta ƙullo kanwarta daga gida, ta jira Mama ta juya baya don kada ta kunyata ta. Kuma yanzu in za ta wanke kanta, dole ta ce miyar Mama ta yi tsami Mama kuma ta gyaɗa mata kai. Shi ya sa ta yi shiru.

Abin da Magdalene ta daɗe tana nema ga shi tsaye a gabanta, an riƙe masa hannu kamar ɓarawon kaza. Kalma ɗaya za ta faɗa a sake shi. Ta dubi idanun matan nan da suka yi shekaru suna mamakin harshenta, sai tsoro ya fi ƙarfinta.

"Ɗauki jakarki," ta ce. "Ba a zuba min abu a tukunya ba da sanina ba."

Halimatu ta ɗaure gefen mayafinta, ta durƙusa kaɗan ta ce a gafarce ta, ta fita. Ba lokacin sake wata miya, don haka Rebecca ta ɗora hannu a kan tukwanen biyu ta yi musu addu'ar karya asiri, aka zuba a kuloli aka tafi da su.

Washegari Hajiya ta kira a waya, murya cike da fara'a. Ta ce ɓangaren maza da na iyaye har suɗe kula aka yi, Alhaji ya ce a gaya wa Maman Philip hannunta ya dawo. Sai ta rage murya ta ce wadda aka kai wa ƙawayen amarya ce dai ta ɗan yi tsami, amma yara ne, ba komai. Wannan ita ce tukunya ta uku, wadda Halimatu ba ta kai gare ta ba. Da Rebecca ta ji, ta tafa hannu ta ce, "Kun gani ko? Maganin ya kama su, har suɗe kula!" An yabi Magdalene, suna ya tsira, amma abincin rana ma kasa zama ta yi ta ci.

Ta yi 'yan kwanaki tana kewaye maganar a ranta, sannan wata safiya ta ɗaura zane mai kyau ta hau keke napep zuwa Kasuwar Kure. Ta sha tambaya kafin ta sami teburin, can ƙarshen layin masu kayan miya, kusa da masu niƙa. Ga daddawa an jera, ga garin kuka, ga yaji a ƙananan ledoji. Maƙwabta suna ta ciniki, gaban Halimatu kuwa ba kowa.

Halimatu ta miƙe ta ba ta kujerarta, ta gaishe ta yadda ya kamata, ta tambayi gajiyar biki. Sai da gaisuwa ta ƙare tas sannan Magdalene ta ce, "Na san kanwa ce."

"Na san kin sani, Mama."

"Tun yaushe kika gane... abin da ke damuna?"

"Tun ranar taushe. Da farko na ɗauka mantuwa ce. Sai na ga ranar biki kin lasa, kina buɗe ido sai duban fuskokinmu. Mai jin daɗin miya ba ya duban kowa."

Magdalene ta sunkuyar da kai. Ba wanda ya taɓa faɗa mata abin a fili, kuma ta yi mamakin yadda ta ji sauƙi maimakon kunya. Sai ta matso da kujera ta rage murya, ta kwashe labarin Sakinatu ta gaya mata, da sosa kunne, da gyara ɗankwali. Ta ce Halimatu ta dawo, wurin Sakinatu nata ne, za ta ce wa mata ta bincika ta ga ba komai, magana ta wuce. Su biyu kawai za su san sauran.

Halimatu ta daɗe tana gyara ledojin yajin da ba su karkace ba.

"Mama, ba zan ɓoye miki ba, ina son aikin nan. Tun ina yarinya in na wuce gidan da ake girki, daga ƙamshi nake sanin abin da ya rage a tukunya, har mahaifiyata tana dukana wai ina da kwaɗayi. Ban taɓa samun babbar tukunya ba sai a gidanki. Ranar da na ga tukwanen nan uku a kan wuta, wallahi ji na yi kamar na iso gida." Ta nuna gaban teburinta da hannu. "Amma dubi nan. Labari ya riga ni isowa kasuwa. Wa zai sayi yaji a hannun mai barbaɗe? In kin ce kin bincika, za su ce na sa miki ne ke ma."

"To me kike so in yi?"

"Ni ba zan sosa kunne ba, Mama. In miya ta yi tsami, da baki zan faɗa, a gaban kowa. Kuma inda aka ɓata ni, nan za a wanke ni. Sai sun ji dalilin da ya sa na zuba kanwar."

"Kin san abin da kike tambayata kuwa?"

"Na sani. Shi ya sa ban faɗa ba ranar. Naki ne, ke za ki faɗa in kin ga dama."

A hanyar komawa keken ya ratsa ta gaban masu gasa masara, da mai suyar ƙosai, da wurin da ake soya gyaɗa. Magdalene ta ga hayaƙi yana tashi, ta ga sauran fasinjoji suna buɗe hanci, ita kuwa iska kawai take shaƙa. Ta tuna farar rigar Sakinatu da shuɗin zare. A da tana ganin yarinyar butulci ta yi mata. Yau ta ga cewa shekaru ta yi tana cin baiwar yarinyar nan tana karɓar yabon, ko sau ɗaya ba ta ce wa baƙo "ga wadda ta haɗa" ba. Abuja ba ta ƙwace mata Sakinatu ba, suna kawai suka kira ta da shi ta amsa. Kewarta ta taso mata sabuwa, har ta ciro waya za ta kira, sai ta mayar, don ba ta san ta inda za ta fara ba.

Da yamma ta gaya wa Philip gaskiyar harshenta. Ya ce ashe shi ya sa ta daina yi masa faɗa in ya sayo burodin da ya kwana. Ta kai masa duka da mafici, suka yi dariya, idonsa ya cika da ƙwalla.

Ranar da ta zaɓa ba ranar aiki ba ce, amma ta aika duk mata su zo, ta kuma aika wa Halimatu. Kafin su iso ta daka sakwara, ta ɗora miyar busasshiyar kuɓewa da daddawa da bandar kifi. Mata suka zazzauna a kan benci suna kallon juna. Halimatu ta tsaya daga bakin ƙofa ba ta shigo ba, Rebecca na harararta.

Magdalene ta tsaya a bakin tukunya da ludayi a hannu. Ta shirya dogon jawabi, amma da ta buɗe baki gajere ne ya fito.

"Tun zazzaɓin nan ban sake jin gishiri ba. Ban ji daɗi ba, ban ji tsami ba, ban ji ƙamshi ba. Duk gyaɗa kan da kuke gani, gyaɗa kai ne kawai. Sakinatu ce harshena, shi ya sa da ta tafi abinci ya lalace. Miyar bikin Alhaji Sanda ta yi tsami ban sani ba. Matar can ta sani, ta gyara, ta rufa min asiri, ni kuma na kore ta."

Rebecca ta ɗora hannu biyu a ka, ta dubi Mama, ta dubi ƙofa, sannan ta tashi da nauyin jiki ta je ta kamo hannun Halimatu, wannan hannun dai da ta damƙe ranar, ta jawo ta cikin rumfa tana cewa, "Yi haƙuri, 'yar'uwa, bakina ne ya yi sauri." Magdalene ta san kafin la'asar labarin zai kai Kasuwar Kure, gobe kuma ya kai gidan Alhaji Sanda. Daga yau ba wanda zai sake cewa ta san tattasan fadama da na tudu. Abin ya yi mata ciwo, ba ta kuma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

Ta miƙa ludayin gefen dama. Wannan karon aka karɓa.

Halimatu ta tsoma, ta ɗiga a tafi, ta hura, ta lasa. Mata suka zuba mata ido.

"Gishiri ya yi," ta ce da murya sosai, yadda kowa zai ji. "Daddawa ce ta ɗan yi ƙasa."

Rebecca ta zabura za ta ɗauko daddawa, Magdalene ta ɗaga mata hannu ta tsaya.

"Ba wannan nake tambaya ba," ta ce. Muryarta ta canja, ta zama ƙarama. "Miyar uwata ce. Gaya min yadda take."

Halimatu ta dube ta, sannan ta sake ɗiga miyar a tafi. Wannan karon ta daɗe da ita a baki.

"Kifin ne ke fara zuwa, Mama. Da hayaƙinsa, irin na itace, ba na gawayi ba. Sai kuɓewar ta biyo da santsi, da ɗan ɗaci kaɗan can gefen harshe, irin wanda rana ke sa mata in ta bushe da kyau. Daddawar tana ƙasa, ba ta ɗaga murya, amma ita ke riƙe da su duka. Barkonon ba ya zuwa sai an haɗiye, sai ya tsaya a maƙogwaro ya ɗumama ƙirji. In ya wuce kuma sai kifin ya dawo, mutum ya ji yana son wata loma."

Magdalene ta lumshe ido. Sau dubu matan nan sun ga ta lumshe ido a bakin tukunya, amma ba su taɓa ganin ruwa yana fitowa ta ƙarƙashin fatar idon ba. Bakinta ba komai, kamar kullum. Amma ga tsakar gidansu na ƙauye, ga sabuwar doya a jingine da bango, ga uwarta durƙushe tana fifita wuta.

Ta laluba benci ta zauna, ba ta buɗe idon ba.

"Sake faɗa," ta ce. "A hankali. Fara daga kifin."